Ragon da Baba Ya Ƙi Ci

A lokacin ni masinja ne a wani ofis a Abuja, muna haya a Chaza ni da matata, kullum sassafe ina cikin bas. A cunkoson hanyar nan na koyi cacar ƙwallo. Wani abokin tafiya da muke yawan zama kujera ɗaya shi ya nuna mini yadda ake yi a waya, ya ce ai wannan ba caca ba ce, sanin ƙwallo ne. Na yarda don dama ina so in yarda. Ba zan ce ina jin daɗinta ba. In na ci ba na murna, in an cinye ni ba na baƙin ciki, ni dai a tashi wasa in sake zubawa.

Makon da matata ta haifi ɗanmu na fari na yi ci mai tsoka. Na tafi kasuwa na sayo rago wanda sai da mutum biyu suka riƙe shi. Ana gobe suna mahaifina ya iso daga Gawu Babangida da ɗan ragonsa, wanda yake kiwo tun ranar da ya ji an samu ciki. Na ce masa ya ɗaure shi a bayan gida, ga na gaske nan. Ya je ya ɗaure.

Aka yanka nawa, yaro ya ci sunan Baba. Da rana ana cin soyayyen kayan ciki a ƙofar gida, abokin nan nawa ya zo barka. Cikin raha, a gaban kowa, ya ce a gode wa ɗan wasan da ya ci ƙwallo a mintin ƙarshe, don shi ya yi mana ragon suna. Baba yana riƙe da yankan hanta. Ya mayar da shi kwano, ya wanke hannu, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Na tsaya ina jiran faɗa, bai yi ba. Washegari ya kwance ɗan ragonsa, ya yanka da hannunsa, ya sake ambaton sunan yaron, ya hau mota ya koma.

Na bar caca, yaron har ya shiga makaranta. Baba yana amsa gaisuwata, yana wasa da takwaransa, amma bai ƙara cin abin hannuna ba.

Masu caca suna tsoron ranar da za a cinye su. Ku ji tsoron ranar ci, don ita ke bin mutum har gida. Da azumin bara na kai wa Baba buhun shinkafa, na rantse masa da albashina na saya. Ya ce ya ji, Allah ya yi albarka. Da na koma da Sallah na tarar da buhun a zaure, ko ɗinkin bakinsa ba a warware ba.