Burokolin da Kika Bari a Firij, Mama

Mai kowa mai komai Ya karɓi abin da Ya ba mu aro. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya yi wa surukata, mahaifiyar mijina, rasuwa tana da shekara sittin da uku. Ba ta yi jinya ba. Ta dawo daga kasuwa, ta jera kayan cefane a firij, ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, amma ba komai, bari ta ɗan kishingiɗa. Na je ɗebo mata ruwa. Na dawo da kofi a hannu, na yi ta kiran ta, ba ta amsa ba.

Mama, a littattafan da nake karantawa mutuwa tana yin sallama. Marubuciya takan sa tsohuwa ta fara tari tun babi na uku, ta tara 'ya'yanta ta yi wasiyya, mai karatu ya shirya hawayensa. Taki ba ta yi sallama ba. Tun ranar ban sake buɗe littafi ba, domin na gane ba wanda ake gaya wa a shafi na nawa yake.

Kin san abin da nake tsoro, amma bari in rubuta shi don masu karatu. Bara ɗanki ya yanke jiki ya faɗo daga kan tsani a wurin aikinsa na gyaran wutar lantarki. Likita ya ce jininsa ya hau, kitse ya fara toshe masa jijiyoyi, kuma abin na gado ne. Ya rage masa gishiri, ya hana shi soye-soye, ya ce ganye da ganye. Ni na zauna a barandar asibiti ina ta kuka. Ke kuwa, da kika yi shekara talatin kina girka wa marasa lafiya abinci a kicin ɗin asibiti, washegari kika iso gidanmu da akwati ɗaya da wuƙarki mai baƙar ƙota. Kika ce, “Kuka ba ya shiga tukunya, 'yar littafi. Tashi ki miƙo mini faranti.”

Duk cikin ganyayen da aka gwada, burokoli kaɗai ya yarda ya ci, wannan mai kama da ƙaramar bishiya mai cunkushen kai. Kika fara koya mini shi. Allah Ya yafe mini, ban koya ba. Kina magana ina gyaɗa kai, wayata kuwa tana ƙarƙashin tebur, ina son in san ko yarinyar cikin labarin za ta gane wasiƙar ba daga masoyinta ta fito ba.

Sai ranar da kika fita unguwa na ce bari in burge shi. Na ɗauraye burokolin sama-sama a famfo, na datse shi ta ka kamar kabeji, duk ya warwatse ya zama gari. Na bar shi a wuta ina karatu har ya koma kalar tsohon kakin soja, warinsa ya cika gida. Ɗanki ya daure ya kai loma biyu. A ta uku sai ga wata tsutsa, koriya, dafaffiya, a miƙe a kan cokalinsa. Ya ajiye cokalin a hankali ya ce, “Likita ya ce in ci ganye, bai ce da nama a ciki ba.” Daga ranar ya ce in ba hannun mahaifiyarsa ba, ba zai sake kai shi baki ba.

Ba ki yi mini faɗa ba. Da safe kika karɓi wayata, kika jefa ta cikin tukunyar da ba komai a ciki, kika rufe da murfi. Kika ce, “Su jira ki a nan, ba inda za su. Masoyan littafi ba sa mutuwa da hawan jini.”

A ranar na fara ganin hannuwanki da gaske. Kika nuna mini yadda ake zaɓen wanda kansa ya matse, kore shar, ba ɗigon rawaya. Kika kifa shi a ruwan gishiri, kai ƙasa gindi sama, muka tsaya muna kallo har ƙananan tsutsotsi biyu suka taso. “Yanzu ɗauraye shi sau biyu,” in ji ki. “Gishirin na tsutsa ne, ba na mijinki ba.” Kika ce ba a yankan sa ta sama. Juya shi ake yi, a bi kowane reshe daga inda ya tsiro. In reshen ya yi girma, a ɗan tsaga gindinsa da wuƙa, sannan a raba da yatsu, kan ba zai zube ba. Da na kai hannu zan jefar da karan, kika doke mini hannu. Kika fere ɓawon mai tauri, ga cikinsa fari-fari mai laushi, kika yanka shi sirara kika sa mini ɗaya a baki. Zaƙi gare shi. Sannan tururi na minti huɗu, a sauke tun koren yana haske.

Wata biyu ni nake yi, ke kina zaune a kujerar kicin kina sa ido, kina cewa yankana duk a karkace yake kamar haƙoran tsohon zarto. In an gama, sai ki ɗauki farantin da hannunki ki ajiye gabansa. Ba ki taɓa cewa ke kika dafa ba, ba ki kuma ce ni ce ba. Shi kuwa ya cinye tas, ya ce, “Allah Ya bar mana Mama.” Ni da ke mu haɗa ido ta ƙofar kicin. Awonsa na watan jiya ya sauko, har likita ya tambayi waye ke masa girki.

Yau kwana shida da tafiyarki. A cikin kwana shidan nan ɗanki bai ci abin kirki ba. Sai shayi, sai kuma abin da maƙwabta suka kawo, mai mai da gishiri, ya tsakura ya ture. Ina jin kunyar hana shi abincin da mutane suka kawo don Allah, ina kuma kallon kowace loma kamar allura. Jiya na ga ya dafe ƙirjinsa a bakin ƙofa. Ya ce ba komai. Haka kika ce ke ma. In ya kishingiɗa da rana, sai in tsaya a kansa ina ƙirga numfashinsa. Na ɓoye tsaninsa a bayan tankin ruwa, kamar tsanin ne ciwon. Shekarata ashirin da uku, Mama. Na sha karanta labarin matan da mazajensu suka mutu suka bar su da ƙuruciya, har ina jin daɗin kukan. Ban san haka abin yake a ciki ba.

Na ce masa bari in dafa burokoli. Ya ce, “Bar shi. Mai iyawa ta tafi.”

Akwai guda ɗaya a firij, wanda kika sayo da safiyar ranar da kika rasu. Kullum sai in buɗe in dube shi in rufe. Shi ne abu na ƙarshe da hannunki ya zaɓa, ina tsoron in yanka shi ya ƙare, ina tsoron in lalata shi ba kya nan. Yau da safe na ga gefensa ya fara rawaya. Sai na ji kamar muryarki tana cewa, “To, sai ya ruɓe za ki sa shi a gilashi?”

Na ɗauko wuƙarki. Na kifa shi a ruwan gishiri. Tsutsa ɗaya ta taso. Na ɗauraye sau biyu, na cire wurin da ya yi rawaya, na bi rassan ɗaya bayan ɗaya, na fere karan. Da na sauke, na juya in miƙa miki farantin. Kujerar ba kowa.

Ni na kai masa. Na durƙusa na ce, “Akwai abin da ni da Mama muka ɓoye maka.”

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ɗauki yankan kara ɗaya ya ɗaga shi sama, ya jujjuya.

“Shekara talatin da biyar ina cin yankan Mama,” in ji shi. “Bai taɓa karkacewa ba. Kin zaci ban gane ba?”

“To, me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Ita ta ce in yi shiru. Ta ce in na yabe ki da wuri, za ki koma wa littafinki.”

Ya sa a baki. Ya ci yana hawaye, ni ma ina yi, har ya cinye. Ashe mu biyun duk kin riƙe mu, kowa da nasa sirrin.

Tsoron bai tafi ba, Mama. Jibi za mu koma wurin likita, ban san abin da awo zai nuna ba. Amma gobe da sassafe zan je kasuwa ni kaɗai, in zaɓo mai matsattsen kai, kore shar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana, da ƙannensa mata biyu, da 'yan'uwan marigayiyar, da abokan aikinta na kicin ɗin asibiti, da duk wanda ya taɓa samun sauƙi da abincin hannunta bai san fuskarta ba. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta ciyar da marasa lafiya, Ka ciyar da ita daga lambunan Aljanna. Ka ba mu haƙurin rashinta. Ɗan da ta bar mini amana kuwa, ya Allah, Ka ja kwanansa, Ka sa albarka a wannan karkataccen yankan nawa. Amin.