Matsefatar Kakata

Ƙafar 'yata ta kumbura tun da ta taka ƙaya a gonar albasa a Watari, yau ko tsayuwa ba ta iya yi. Na tambaye ta wace ƙaya ce. Ta ce, "Ƙaya ce kawai, Umma." Sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta taɓa ƙafar mutum sai ya faɗi sunan ƙayar. Ina tuna ranar da ta ɗora diddigena a cinyarta, zanenta yana ƙamshin hayaƙi da daddawa, ta ciro matsefata, ɗan ƙarfen cire ƙaya, daga wuyanta.

"Tsidau ce ko ƙashin yawo? Ko bagaruwa kika taka?"

"Bagaruwa, Kaka."

"To, daure. Ita a ciki take karyewa."

Ta tono ta, ta ɗiga man kaɗe mai zafi. Kafin la'asar na koma wasa.

Matsefatar tana hannuna yanzu. Na tona ƙafar 'yata, na tona, ban ga komai ba, jikin yarinyar kuma sai ƙara zafi yake. Muna bakin titi muna jiran motar da za ta kai mu asibiti, shiru.

Allah Ya jiƙanki, Kaka, Ya shimfiɗa miki inda babu ƙaya. Ni kuma Ya bar mini yarinyar nan da ƙafarta.