Tabon Karas a Leɓena

Jiya jikata Zuwaira ta dire min faranti, karas ne yana ƙyalli, wai a waya ta koya, cimar Turawa ce masu gudun nama. Na ce ɗauke min abinki. Ni za a koya wa karas da sukari? Dubi leɓena tukuna.

A Asata muke, cikin Inugu, shekarar da gari ya juya wa 'yan Arewa baya, gab da yaƙin basasa, ina 'yar shekara bakwai. Babanmu kayan gwari yake saukowa da su daga Jos. Ranar da aka fara farautar mutanenmu yana can Arewa. Mai gidan da muke haya, Mama Ngozi, ta kulle mu a ɗakin ajiyarta: ni, innata, ƙannena biyu, kakarmu Iya Dije, da rabin buhun karas da bai sayu ba. Sharaɗinta ɗaya, kada ta ji ƙamshin man shanu ko miyar kuka, don hanci ma yana tona asiri.

Da magariba Iya takan hura gawayi a kurfoti. Ta yanka karas fale-fale, ruwa ɗan kaɗan, gishiri, man gyada cokali guda, sukari ƙwaya uku. Ba ta rufe tukunya. Sai ruwan ya tsotse, sukari ya kama, karas ya yi danƙo yana sheƙi. Tana juyawa tana ba mu tatsuniya da raɗa, kuma ta hana mu amsa mata.

Kullum guda ɗaya ce. Zabuwa ta ɓoye 'ya'yanta a ciyawa ta tafi kiwo. Dila ya nema ya rasa, sai ya gyara murya ya yi sallama. Duka suka yi tsit, ban da 'yar autar, mai ladabi. Iya takan tsaya nan ta harare ni. "Ke, mai bakin aku, wa aka ci?"

Rana ta huɗu da magariba, tukunya na kan wuta, muka ji takun mutane da ƙarar adduna a tsakar gida. Sai wata murya ta ce, "Salamu alaikum, masu gida!" da Hausa tsaf. Okoro kafinta ne, maƙwabcinmu. A bakin babana ya koyi Hausar nan, cinyar ragonmu yake ci duk Babbar Sallah. Ni kuwa an yi min tarbiyya, babba ba ya sallama in yi shiru. Na buɗe baki, "Amin, wa..."

Iya ta tsoma hannu a tukunya ta danna min karas a baki, ta toshe da tafinta. Sukari mai tafasa ba ya sakin fata. Na ji Mama Ngozi tana yi wa Okoro tsawa, wai mun tafi tun tuni, ya fice mata daga gida. Sai da sawunsu ya ɓace Iya ta sake ni. Yatsunta uku sun saluɓe, ko kallonsu ba ta yi ba.

Daga baya mun hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, mun tsira. Ana ta ce min in yafe, shekaru sun ja. Masu adda ban san su ba, na bar su da Allah. Okoro kuwa, da ya ari gaisuwarmu ya yi tarko da ita, ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Har yau in aka yi sallama sai na taɓa leɓena kafin in amsa.

Na ɗanɗana na Zuwaira daga baya. Ashe rufe tukunya ta yi, ruwa ne tsululu.