Delbert Mai Gwanjo a Gidan Tsofaffi

Duk wanda ya taɓa sayar da saniya a yankinsu na Nebraska ya san muryar Delbert Hruska, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai gwanjo a karar garin tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Ɗan ƙaramin mutum ne siriri, da malafar da ta fi ƙarfin kansa, amma in ya buɗe baki sai ka waiga kana neman ƙaton da ya yi magana. A bayan motar babansa ya koyi sana'ar. Duk turken shingen da suka wuce sai ya sa shi a kasuwa, ya taya da kansa, ya sallama wa kansa. Rannan uban ya tsaya ya ce ko ya yi shiru ko ya ƙarasa gida a ƙasa. A ƙasan ya ƙarasa.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can nesa a California. Wadda ta rage masa a kusa ita ce ƙanwarsa Marvella, tsohuwar mai gyaran gashi, wadda tun suna yara ba su taɓa gama cin abinci ba tare da cacar baki ba.

Wata safiya ya fita ɗauko jarida da silifas, ƙanƙara ta kwashe shi, ƙugu ya karye. Bayan an yi masa aiki likita ya ce zama shi kaɗai ya ƙare. Haka ya tsinci kansa a gidan kula da tsofaffin da ke bayan rumbunan hatsi.

A da gidan na coci ne, kowa yana yabonsa, kafin wani kamfani daga nesa ya saye. Sabbin masu gidan suka shafa fenti, suka sa gidan kifi na gilashi a zaure, suka rage ma'aikata. A gefen kowane gado akwai igiya mai jan maɓalli. In ka danna, fitila takan kama a saman ƙofa, ita ke nan. Delbert ya ce bai taɓa ganin fitila mai haƙuri irin wannan ba.

Ɗaki ɗaya aka haɗa shi da Otto Brandvold, tsohon mai rarraba wasiƙu, mutum marar magana da ciwon karkarwa ya kama wa hannu. Delbert ya ji daɗin haɗin, don ya samu mai saurare da ba ya katse shi. Sai dai ya lura da wani abu: ana ajiye wa Otto tiren abinci a kan tebur, cokali ba ya isa bakinsa sai ya zube, can a dawo a kwashe tire a ce ba ya jin yunwa.

"Mutumina, me ya hana ka ka faɗa musu?"

"Suna da aiki," in ji Otto.

"Kai ne aikin, tsohon banza!"

Daga ranar Delbert ya riƙa turo keken guragunsa yana ba shi a baki, yana ba shi labarin bijimai, ko yana so ko ba ya so.

Mai kula da ɓangarensu da rana Nyachuol ce, doguwar mace 'yar asalin Sudan ta Kudu, da ta baro mayankar nama ta dawo nan don ta ɗauka aikin zai fi sauƙi. Ita kaɗai ce a barandar gaba ɗaya, tana wanka, tana canza zanen gado, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa. Ba tafiya take yi ba, gudu take.

Wata hantsi Otto ya matsu. Ya danna maɓalli, ya jira, ya sake dannawa, har kunya ta sa ya sauko da kansa. Bai kai ƙofar banɗaki ba ya zube, kansa ya bugi ƙafar gado. Delbert ya danna nasa maɓallin har yatsa ya yi zafi. Shiru. Jini yana bin gefen kunnen Otto. Sai ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya saki muryar da ya ajiye tun ranar da ya bar kara:

"Ina masu taya, ina masu saye! Ga tsoho guda a ƙasa, jiya a tsaye yau a kwance! Hannu ɗaya, hannu ɗaya, wa zai ba ni biyu, a ba ni biyu, biyu nake nema, jini na zuba, wa zai taya!"

Kafin ya sake jan numfashi ɗakin ya cika. Ga Nyachuol da kumfar sabulu har gwiwar hannu, ga nas, ga kuku da ludayi, har da mai gyaran famfo da ya zo wani aikin daban. Otto ya samu ɗinki a ka da karaya a wuyan hannu. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya ya dubi Delbert ya ce, "Ka karya mini farashi."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa.

Tun daga nan Delbert ya samu sabon aiki. Da an karya kumallo sai ya kafa kekensa a mahaɗar baranda, cokali a hannu a madadin guduma. Duk fitilar da ta daɗe a kunne sai ya sa ta a kasuwa. "Ɗakin ƙarshe, tsohuwa mai son ruwa, ta sha jira! Wa zai taya?" Daga wani ɗakin sai ka ji Nyachuol ta ɗaga murya: "Na taya, Baba, bari in saka wa wannan wando!" Shi kuma ya buga cokali: "An sallama wa doguwa!" Tsofaffin da suka manta dariya suka tuna ta. Wani lokaci Nyachuol takan jingina da bango tana haki ta ce, "Baba, ka tausaya mini, hannu biyu gare ni."

"Ai ba ke nake kira ba, 'yata. Masu gidan nake so su ji."

Sun kuwa ji. Manajan gidan, wani matashi mai suna Brent da kullum yake cikin murmushi, ya shigo da wasu mata da miji yana nuna musu wuri, don suna son kawo mahaifiyarsu. Sun gama yaba kifaye ke nan suka ci karo da Delbert yana tallan wata baiwar Allah da ta kwana cikin jiƙaƙƙen zane ba a canza mata ba har azahar. Matar ta dubi mijinta. Ko takardar gidan ba su karɓa ba.

Ba wanda ya yi wa Delbert faɗa. Aka dai buga wa likitan kamfani waya, wanda bai taɓa ganinsa ido da ido ba, aka ce akwai tsoho mai rikicewa yana ihu yana tayar da hankalin jama'a. Likita ya rubuta magani. Aka fara niƙa ƙwayar ana zuba masa a markaɗaɗɗen tuffa, abin da ya fi so.

Baranda ta yi tsit. Delbert yana zaune a keke, haɓa a ƙirji, miyau yana ɗiga a riga. Tiren Otto ya koma fita yadda ya shigo.

Marvella ta yi mura ta kwana biyu ba ta zo ba. Ranar Lahadin da ta warke ta shigo da kwanon kolache, burodin nan mai zaƙi irin na kakarsu, ta dire a gabansa.

"Yaya, ga shi nan. Ka fara ƙorafin, ina jinka."

Shiru.

"Dubi kanka kamar an yi dambe da kaza. Wa ya yi maka askin nan, makaho?"

Ya ɗago ido da ƙyar ya dube ta, ya mayar da kai.  Duk tsawon rayuwarta addu'a take Allah ya nuna mata ranar da Delbert zai yi shiru, ga ranar ta zo, ta ga ba abin so ba ne. Ta nufi ofis, Brent ya tare ta da murmushi ya ce tsufa ne, haka yake zuwa wa wasu farat ɗaya.

"Yaro, na girmi uwarka. Na san tsufa, a jikina yake kwana. Wannan ba shi ba ne."

Tana fita Nyachuol ta bi ta har mota, wai ta manta kwano. Ta miƙa mata, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama, ki tambaye su me ke cikin tuffar. Ban faɗa miki komai ba, ina da yara."

Marvella ta koma ciki ta tsare nas sai da ta rubuta mata sunan ƙwayar, ba ta kuwa ambaci sunan Nyachuol ba ko sau ɗaya. Washegari ta loda yayanta a mota kamar buhu, ta kai shi wurin tsohon likitansa. Da likitan ya ga sunan maganin sai ya cire tabarau ya ce wannan ba na mutum mai hankalinsa ba ne, kuma ga tsoho irin wannan yana iya kai shi kabari. Daga nan ta buga wa ofishin jiha mai karɓar koke. Mace ce da ta yi shekaru tana riƙe da kan mutane suna ba ta labari, ta san yadda ake tatsar magana, ta kuma san kowa. Kafin masu bincike su iso, rabin garin sun ziyarci tsofaffinsu suna ɗaga bargo suna duba bayansu.

Masu binciken sun zo ba sanarwa. Sun tarar da gyambon kwanciya a jikin wasu, sun tarar ba Delbert kaɗai ake ba tuffar ba. Aka ci tarar kamfanin, aka tilasta masa ƙarin ma'aikata. Ya ƙara kaɗan, daidai yadda za a bar shi ya sha iska. Brent kuma aka mayar da shi wani gidan nasu a wata jiha, da murmushinsa.

A hankali aka janye wa Delbert maganin. Ranar da bakinsa ya buɗe Marvella tana yanke masa farce. Ya dubi abin da ke faranti ya ce, "Wa ya ce ki sa sukari haka?" Ta ɗaka masa duka a cinya, ta fita baranda ta yi kukanta, ta dawo ta ce masa butulu.

Murya ta dawo, saurin harshen ne bai dawo duka ba. Maganin ya bar masa wani motsi a leɓe da ba ya iya tsayarwa, kalmomi sukan harɗe masa in ya yi hanzari. Abin ya ci masa rai fiye da karayar ƙugu, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Marvella ta ce ya dawo gidanta, ya ƙi, wai gara hannun kamfani da girkinta. Ita ta san saboda Otto ne.

Don haka ita ce ta tare a wurinsu. Kullum tana zuwa, ba a san lokacin zuwanta ba, da almakashi da mataji a jaka. Ta gyara wa matan gidan kai ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fi shekara ba ta kalli madubi ba ma ta nemi a sa mata jan baki. Da rana sukan buga karta su uku, Marvella tana riƙe wa Otto nasa katin saboda hannunsa. Tun da aka fara ba a taɓa cin Otto ba. Delbert ya rantse maguɗi suke yi masa, ya kai ƙara wurin Nyachuol. Ta ce ita ba ta ga komai ba, amma in yana son shaida ya tambayi Otto dalilin da ya sa ya fara neman a fesa masa turare kafin azahar, lokacin kartarsu da Marvella.