Baƙar Ɗamarar Naja'atu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, bakwai ga Mayu 2025, Allah ya karɓi ran ƙanwata Naja'atu a Gumel bayan gajeriyar jinya.

Naja'atu, har yau ban gane mutanen garin nan ba. Lokacin da bidiyonki ya bazu a wayoyi, kina wasan kare kai na taikwando da hijabinki, kunya ta sa na daina zama a majalisa. Maƙwabcinmu Malam Barau ya hana 'ya'yansa mata shiga gidanki. Da gidan rediyo ya yi hira da ke, aka kira ki abin alfaharin jiha, Malam Barau ɗin dai ya riƙo hannunsu ya kawo miki su. Ba ki canja komai ba tsakanin bidiyon da hirar. Na tambaye ki dalili, kika yi dariya kika ce, "Yaya, ai rediyo ya fi ni baki."

Na tuna 'yan matan da ke kai awara kasuwar Maigatari. A tsakar gida kika koya musu yadda ake ƙwace hannu idan wani ya damƙe, sannan ki ciyar da su kafin su tafi. Wata daga cikinsu ta zo gaisuwa tun daga Gagarawa.

Jiya mata suka zauna rabon tufafinki. Zannuwa da mayafai duk sun sami masu su. Da aka zo kan fararen kayan wasanki da baƙar ɗamarar da aka ba ki ta shaidar gwaninta, kowa ya janye hannu, har waɗanda suka gama yabonki a zaure. Aka aiko mini da su, wai ni ne babba.

'Yarki Rayhana ta biyo su. Ta ce, "Kawu, a ba ni." Na san ba tufa take roƙo ba, izini take nema. Idan na ba ta, wane garin za ta tarar, mai zagi ko mai yabo? Ban sani ba, kuma ke da zan tambaya kin tafi.

Na miƙa mata. Ta ɗaura ɗamarar da irin ƙullinki, ba wanda ya nuna mata.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba mijinki da mu duka haƙuri. Rayhana kuma, ya Allah, ka tsare ta daga bakinmu.