Jan Biron Malama Zainab

Duk wanda ya taɓa shiga motar Sakkwato a tashar Isa ya san Lawwali mai rubuta sunayen fasinjoji. Mutumin Kamarawa ne. A aji huɗu na firamare ya bar boko ya koma gonar gero, amma shekara ashirin ke nan biro na maƙale a aljihunsa, yana jefa Turanci ɗaya-ɗaya cikin zance, har direbobi suka laƙaba masa Bature. Shi ko gogan bai taɓa musawa ba.

Ɗiyarsa Saude tana ƙaramar sakandare. Da kyar wansa Shamsu, babban gida, ya yarda ta shiga, da sharaɗin in ta gaza ko sau ɗaya ta dawo gida. Ranar da aka ba da hutu ta kawo takarda daga malamarsu. Lawwali ya karɓa a zaure gaban Shamsu, sai ya ga layi uku na Turanci, rubutun hannu, da jan biro. Ko kalma ɗaya bai iya karantawa ba. Abu guda dai ya riƙe tun firamare: ja faɗuwa ce.

"Baba, bari in karanta maka," in ji Saude.

"Ni za ki koya ma Turanci? Kin faɗi, shi ke nan."

Shamsu ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Aka koma makaranta, Saude na gida tana surfe, mako uku ba ta ɗaga ido ta dubi ubanta ba.

Ranar kasuwa sai ga malamar, Malama Zainab, ta iske shi kan bencinsa a tasha, direbobi kewaye. Ta tambayi dalilin da Saude ba ta koma makaranta ba. Ya zaro takardar da isa ya nuna mata jan rubutun.

"Baƙin birona ne ya ƙare ranar," ta ce. "Abin da na rubuta, Saude na ci gaba, ta wuce sa'o'inta, ka kawo ta jarrabawar samun gurbin karatu kyauta. Asabar da ta wuce aka yi ta."

Da direbobin sun yi dariya ma da ya fi masa sauƙi. Sai kowa ya sami abin dubawa a tayar motarsa. Kunya ta rufe Lawwali, ya ji biron aljihunsa ya yi masa nauyi. Ya tambaya ko za a sake. Ta ce sai baɗi, in shekarun yarinyar ba su wuce ba.

Bai jira motar la'asar ta cika ba, ya hau babur zuwa Kamarawa. Ya tarar da Saude bakin turmi. Ya zauna a ƙasa, ya miƙa mata takardar.

"Karanta min, ɗiyata."

Ba ta karɓa ba. Ta jingine taɓarya, ta karanto masa layi ukun da ka, ta fassara su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta koma surfenta.