Jar fitilar moton Yaya

Mun bar Sabon Garin Maraɗi ana fitowa daga sallar asuba, ni a gaba, Kawu a baya. Moton da muka hau, wato babur, ba nawa ba ne, na Yaya ne, Allah ya jiƙansa. Tun ranar da ya kwanta ciwo yake jingine a zaurenmu, ba wanda ya taɓa shi, don a gidanmu ba a taɓa kayan mamaci sai an yi sadakar arba'in. Bayan sadakar, matarsa ta koma gidan iyayenta a Jiratawa da yara, manya kuma suka sa ranar da za su zauna can su yi wa moton kuɗi a raba gado. Shi ne abu mafi tsada da Yaya ya bar wa marayunsa. Aikina kawai in kai shi lafiya. Amma Kawu ya ce sai mun fara zuwa Tsibiri mun sanar da Gwaggo, yayar mahaifinmu, don ba a fitar da kayan ɗanta ba ta sani ba.

Babban moto ne, irin na ma'aikatan puroje masu ayyukan raya karkara, Yaya ya saye shi na hannu. Bugu biyu ya tashi. Gari bai gama waye ba, masu ƙosai suna hura wuta, amalanken shanu sun riga mu hawa kwalta. Mun tsaya mun sha kunu a bakin hanya. Kawu ya ƙirga ƙosan da aka zuba masa, ya ce wa mai tuya in haka za ta riƙa rage girmansu, baɗi da allura za a riƙa ci.

Muna dab da shiga Tsibiri na ga wata jar fitila ta kama a gabana, mai hoton ƙaramar buta. Na sha ganin Yaya yana kallon wurin nan kafin ya ja moto, amma ban taɓa tambayarsa ba. Na san dai ta baƙin mai ce. Na gangara gefe na kashe inji.

"Mi ya faru?" in ji Kawu.

"Fitilar baƙin mai ce ta kama, Kawu."

"To ba tafiya yake ba? Mu je. Fitila ai aikinta ke nan, ta kama."

Na san in inji ya yi tafiya ba mai, ƙonewa zai yi, kuma abin da zai ƙone ba nawa ba ne. Na tura moton da hannu har cikin gari, Kawu na biye da ni yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa mun sayi jaki mai taya.

Makanikin da muka samu bai daɗe da buɗe rumfa ba. Ƙananan baburan kabu-kabu ya saba gyarawa, waɗanda ba su da irin wannan fitila. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya ce waya ce ta taɓa jiki, bari ya cire ta in huta. Na ce ba fitilar ce ta dame ni ba, abin da take faɗa ne. Wani mai sayar da man kwalba ya matso ya ce a manna mata salatif baƙi, haka wansa ya yi. Na tambaye shi ina moton wan nasa yanzu. Ya ce an sayar wa 'yan ƙarfe, amma ba don wannan ba.

Da na ga shawara ta yi yawa, na miƙe moton tsaye da kaina, na jira inji ya huce, na zaro sandar awon mai na goge, na mayar, na sake zarowa. Bakinta kawai ya jiƙe. Man da ke jikinta kuwa garau yake kamar zuma, ba baƙi ba, ba ruwa a ciki. Wannan ya ɗaure min kai. Sabon mai, amma ya ƙare. Makaniki ya ce irin waɗannan manyan shan mai suke kamar raƙumi. Na sayi na gwangwani mai hatimi, ban yarda da na kwalba ba, muka zuba. Na buga, fitila ta mutu. Kawu ya ce da ma ya faɗa ba wani abu ba ne.

Gwaggo ta tarbe mu da fura mai sanyi a ƙwarya. Ta fito ƙofar gida ta daɗe tana kallon moton, ta shafa sirdinsa. Da Kawu ya ba ta labarin fitila, sai ta ce a hankali, "Ɗan nan, ko dai mai shi ne bai son a sai da shi?" Kawu ya ce ta yi istigfari, mamaci ba ya kunna fitila. Ta ce ta yi, amma dai mu lura. Na sha furar, na kasa gamawa.

Daga Tsibiri sai an komo ta cikin Maraɗi kafin a kama hanyar Jiratawa. Rana ta ɗaga, gari ya cika. Wajen kasuwa kowa na son wucewa a lokaci ɗaya: tirela, kabu-kabu, masu turin ruwa, da wani bunsuru da ya tsaya tsakiyar hanya ya ƙi motsi. A cikin wannan cunkoso ne fitilar ta soma ƙiftawa, in na rage gudu ta kama, in na ƙara wuta ta ɗauke. Kawu ya cire hularsa ya miƙo min ta kafaɗa, wai in rufe ta da ita. Na ce masa, "Kawu, mayar da hularka." Tun da nake ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya mayar da ita kansa, muka fita gari.

Hanyar Jiratawa tana da kyau ga ido. Ana gangarawa kwari sai ka ga kore ko'ina, zogale jere-jere, barkono, albasa, injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Mata ɗauke da buhunan ganye suna jiran mota zuwa birni. Yaya yana son hanyar nan. Ina cikin tunanin haka fitila ta kama sosai, ba ƙiftawa. Na kashe inji nan take, muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi.

Na sake zaro sanda. Man da na zuba ɗazu ya yi ƙasa ƙwarai. Na zauna a ƙasa, raina a ɓace, ina jin haushin makaniki, da moto, da wanda ya ƙirƙiro fitilar. A nan idona ya faɗa kan rairayi. Ɗigon mai ɗaya ƙarƙashin inji. Ina kallo wani ya faɗo. Na kwanta na leƙa. Duk ƙasan injin ya jiƙe, har tayar baya ta samu rabonta. Na kai hannu ga notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai. Da yatsa biyu ya juya.

Na kira gida na tambayi maiɗakina ko ta taɓa ganin mai a inda moton yake jingine. Ta ce kullum da safe takan ga tabo, ta zuba toka ta share. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Kai da ko sunan Yaya aka ambata sai ka fita gidan? Na ce kayan mamaci ne, a bar shi."

Sai na tuna. Ranar da ciwon ya kama Yaya, da hantsi, na wuce shi a ƙofar gida yana juyen baƙin mai. Haka yake yi kullum: ya ɗaura notin da hannu, ya zuba sabon mai, sannan ya ɗauko kile, wato sifana, ya ƙarasa ɗaurewa. Ranar nan ya ce kansa na sara, bari ya ɗan kwanta. Mu muka tura moton zaure.

Kilen na nan cikin jakar da ke ƙarƙashin sirdi, naɗe da tsohon tsumma. Na ɗauko na ɗaure notin. Juyi kaɗan ne ya rage masa. Kawu ya tsuguna kusa da ni yana riƙe da moton, da na gama ya ce, "Allah shi jiƙan shi." Na ce amin. Na zuba sauran man gwangwanin, na buga, na kasa kunne. Inji na tafiya sumul, ba ƙara, ba ƙwanƙwasa. Fitila ta mutu, ba ta sake kamawa ba.

Mun isa ana kiran azahar. An kawo mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli mai yaji. Manya suka zagaye moton, aka tada shi, aka saurara, suka ce lafiyarsa lau. Na gaya musu duk abin da ya faru, kada wanda zai saya ya ji daga baya. Matar Yaya ta gaishe ni daga bayan labule, ta tambaya ko ya ba ni wahala a hanya. Na ce kaɗan.

A motar haya muka dawo, an cusa mu tsakanin buhunan barkono, Kawu na atishawa har Maraɗi. Ga masu moto, abin da zan ce kaɗan ne: in jar fitilar nan ta kama, ku kashe inji, ku auna mai, ku leƙa ƙasa, kafin ku bar kowa ya taɓa waya. Kuma ku tambayi wanda yake share wurin da kuke ajiye shi.

Da na shiga zaure, wurin ya yi faɗi. Tabon safiyar nan na nan, da toka a kai. Maiɗakina ta fito da tsintsiya. Na ce ta bar shi sai gobe.